Na Shuka Gurguzunki Cikin Sanyi

Faisal, Alƙahira
Janairu, 2014

Zuwa ga Saude,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahama, Ya yalwata miki makwanci. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko da kina raye ma sai dai in karanta miki, kina tsinkar ganye a faranti, kina cewa in rage dogon bayani. To, zan rage in na iya.

Labarin gida kaɗan ne. 'Yarmu Nafisa ta sauka lafiya a Zariya, mace, an sa mata sunanki, suna kiranta Ummi. Na ji kukanta ta waya, muryar ba ta yi kama da ta kowa ba. Famfon kicin yana nan yana ɗiga. Tukunyar gas ta yi wuyar samu, sai mutum ya tsaya a layi kamar mai neman gafara. Gari bai daidaita ba: an yi ihu a tituna an sauya masu mulki, an sake ihu an sake sauyawa, ni dai abin da na gani shi ne wuta tana ƙara ɗaukewa. Ɗaliban nan na gida da suke cika mana falo ran Juma'a suna shan fatenki har da lasar cokali, sun zo gaisuwa, sun yi dogayen addu'o'i da Larabci mai kyau, daga nan khalas, shi ke nan. In mun haɗu a tashar mota sukan ɗaga mini hannu daga nesa. Ban ga laifinsu ba. Ashe tukunyar suke ziyarta, ni kuwa ban iya komai a tukunya ba.

Maganar lambunki ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ɗan filin nan da kike haya wurin Ammu Ragab a bayan magudanar Maryutiya, inda gine-gine suke ƙarewa a da. Ammu Ragab ya bi ki ba da daɗewa ba. 'Ya'yansa sun sayar da gonar duka. Tun da gari ya rikice babu mai hana kowa gini a kan gona, jan bulo yana tsirowa da sauri fiye da duk abin da kika taɓa shukawa. Babban ɗan ya same ni da fara'a, ya ce saboda darajar Hajja, wato ke, za su bar ni har a cire amfanin sanyi, daga nan motar haƙa za ta shigo. An riga an jibge bulo da yashi a bakin iyaka, daidai inda kike shimfiɗa ɗankwali ki yi la'asar.

Za ki yi mamakin me ya kai ni can, ni da ban taɓa taka wurin ba sai in an aike ni kiranki. Bari in gaya miki yadda aka yi.

Da sanyi ya shigo, na kwanta. Babu zazzaɓi, babu ciwon kai. Kawai na rasa dalilin da zai sa in sauke ƙafa a kan tayil ɗin nan mai kama da ƙanƙara. Kin san ɗakinmu rana ba ta shiga sai ta leƙo ta tsakanin benaye biyu ta wuce. Na daina buɗe taga. Salla a zaune cikin bargo, masallaci kuwa yana ƙasan bene. Littattafan da na ɓata ƙuruciyata a kansu suna jere suna kallona, ni ma ina kallonsu, babu mai amfanar wani. Na zo ƙasar nan da tallafin karatu, na yi digiri uku a kan nahawu da balaga, na koma gida neman koyarwa aka ba ɗan wani, na dawo na ƙare rayuwata ina gyara wasali a maɗaba'a don littattafan waɗanda ba su kai ni sani ba. A cikin bargon nan babu abin da ban sake lissafawa ba. Wa na taɓa amfana? Wane yaro zai ce ni na koya masa wani abu?

Wata safiya ina neman takalmi a bayan ƙofa sai na ga fartanyarki, da busasshiyar laka a bakinta. Na ce bari in kai wa 'ya'yan Ammu Ragab makullin 'yar rumfar lambun, in huta. Na hau ƙaramar bas daga Faisal, na sauka a gada, na taka. Na tarar ciyawa ta cinye fangalan duka. Kin san halina, ba na iya ganin shafi da kuskure in wuce. Haushi ya sa na sunkuya na cire guda ɗaya, sannan ta kusa da ita. Ban ɗago ba sai da na ji kiran azahar. Makullin ya dawo gida a aljihuna.

Tun daga nan nake zuwa. Ba zan yi miki ƙarya in ce na warke ba. Abin da na lura da shi dai shi ne, in na fita da sassafe raɓa ta jiƙa mini ƙafar wando, yatsuna sun ƙage har ba na jin ƙotar fartanya, to kafin in gama fangali ɗaya zufa takan karyo, sai dutsen nan da yake zaune a ƙirjina ya ɗan gusa. Ba ya tafiya, gusawa yake yi, kamar mutum ya matsa maka a benci. Ina sara, ba na tuna wanda aka ba kujerata. Ina jan ruwa daga wannan fangali zuwa wancan, ba na tuna asibiti. Har yunwa nakan ji, in zauna a kan bulon mutanen nan in ci gurasa da cuku da ɗanyar albasa kamar wani baƙauye. Amma da na hau bas, aka fara matsi da hon da zage-zage, kafin mu kai Faisal dutsen ya koma mazauninsa. Mijin Nafisa, likitan nan, ya ce abin da ke damuna ciwo ne mai suna, wai hasken rana da motsa jiki suna rage shi, in ci gaba. Na yi masa godiya. Me zan ce wa yaron da bai taɓa binne kowa ba?

Na leƙa abin da maƙwabta suke shukawa na kwaikwaya: ful, waken nan nasu na sanyi, da albasa da tafarnuwa da ɗan ganyen salak da suke kira gargir. Duk sun fito. Da na tsaya a nan da ban rubuto miki ba.

Kin tuna gwangwanin madarar da kike ajiye gurguzu a ciki, a saman kabad? Irin farar yakuwar nan da mahaifiyarki ta ƙulle miki a bakin zane ranar da za mu taso daga Giwa. Mutanen nan ja suka sani, karkade, su jiƙa su sha, ganyen kuwa ba su san ana ci ba. Taki babu ita a kasuwar ƙasar nan ko'ina. Kowace shekara in zafi ya kama ki shuka, ki tsinki ganye, ki bar wasu su yi 'ya'ya, ki cika gwangwani. Da farko a tukwane a baranda, daga baya a filin nan. Tun Nafisa tana goye kike wannan juyi, bai taɓa yankewa ba. Na bara ke kika shuka, ba ki ga girbinsa ba. Hajja Amna, ƙawarki Bahausar Sudan ta Ainu Shams, ita ta je ta karyo ta sussuka ta kawo mini a leda, na juye a gwangwanin ban ko duba ba.

A watan jiya aka yi ruwa. Ba yayyafin da suka saba kira ruwa ba, ruwa sosai, kwana da yini, tituna suka zama tafki. Da ya ɗauke na je lambu, ina sauka daga gada ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya buge ni. Saude, rabona da wannan ƙamshi tun ina bin mahaifina a baya da ƙoƙon iri, yana sara ina jefawa ina takewa. A wurinmu in ruwan fari ya sauka wa yake tsayawa tambaya? Kowa gona yake nufa. Na juya na hau bas, na ɗauko gwangwanin, na dawo. Kaina ya san wannan ruwan sanyi ne. Na shekara nawa a garin nan? Na sha jin kina cewa yakuwa sai ƙasa ta yi ɗumi har ta ƙona tafin ƙafa. Amma hancina ya ce damina ce, ga kuma bulo a jibge yana gaya mini ba zan ga zafi a filin nan ba. Na ce wa kaina wataƙila Allah Ya kawo ruwan ne saboda ni. Dubi girman kai, a ce an yi wa birni guda ruwa saboda tsoho ɗaya.

Ranar na yi farin cikin da rabona da shi tun kafin ki kwanta. Ina sara, ina jefawa, ina takewa da diddige, har na kama kaina ina ɗan waƙe-waƙe. Na cika fangali uku. Ina cikin na huɗu bayana ya riƙe, na kasa miƙewa, dole na rufe gwangwanin na rarrafa zuwa rumfa.

Washegari sanyin da ya sauko tsofaffin unguwa sun ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Aka shiga watan da manoman nan suke kira Tuba, wanda ruwan alwala yake yanka hannu. Kullum ina zuwa ina tsugunawa a kan fangalan nan uku ina duba ƙasa kamar mai neman allura. Ciyawa ta fito. Na ce wataƙila gobe. Da na gaji da gobe na sa yatsa na tona. Na same su sun kumbura sun yi baƙi, ina taɓawa suna narkewa, suna wari. Na tona wani rami, haka. Na bi layi ina tonawa kamar kaza, har maƙwabcin da ke yankan ciyawar dabbobi ya tsaya yana kallona. Ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri, ya ci gaba da yankansa.

Na koma bargo. A wannan karon ya fi na farko nauyi, don na farko Allah ne Ya ɗauke ki, wannan kuwa da hannuna na binne. Abin da kika raya a ƙasar mutane, a baranda, a gwangwani, cikin rashin lafiya, ni mai digiri uku na kashe shi a wuni ɗaya saboda na ji ƙamshi. Nafisa ta yi ta kira ban ɗauka ba. Da na ɗauka kuka ta sa mini, wai in tattara in dawo gida, ɗaki yana nan, jika tana nan. In dawo in bar ki wa? Kina can bayan gari cikin rairayi inda ko ƙaya ba ta fitowa, in ni ma na tafi wa zai tsaya a kanki ya yi miki sallama da Hausa?

Abin da ya tashe ni ba wani abin kirki ba ne. Na tuna ranar da ake sako ruwa a magudana ta zo, in ban je ba ful zai bushe. Na je ina zagin ful, ina zagin bas, ina zagin kaina. Na tarar ya yi fure, fari da ɗigon baƙi, ƙamshi ya cika wurin, ƙudan zuma suna ta aiki kamar babu bulo a duniya. Na buɗe ruwa na tsaya ina kallo yana bin fangali. Dutsen ya ɗan matsa. Na ji haushin matsawar da ya yi, amma ya matsa.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Sau da yawa in na taso daga maɗaba'a nakan wuce Faisal da gangan, in sauka a gadar nan, in tsaya daga sama ina kallonki kina sunkuye cikin ganye, kin ɗaure zane a ƙugu kamar kina bayan gidanku. Ban taɓa saukowa ba. Kishi nake ji. Mun zo tare, ni da ilimi ke da ƙullin iri, ke kin sami inda za ki tsaya ni ban samu ba. Kuma duk abin da na kushe a duniyar nan, kin san da yawa ne, ban taɓa samun abin kushewa a fatenki ba. Na san ban faɗa ba. Nakan cinye in tura kwano in ɗauki littafi. Kin gane kuwa? Ko kin tafi kina zaton ban lura ba?

Ciwon bayan nan ya yi miki rana. Abin da ya rage a gindin gwangwani bai fi cikin tafin hannu ba, amma lafiyarsa ƙalau, na duba shi ƙwaya ƙwaya a gaban taga. Na yi tunanin in ajiye har zafi in shuka a baranda. Sai jiya hadari ya haɗu, na ga ina kallon saman kabad. Ban amince da kaina ba in aka sake yin ruwa.

Don haka na ƙulle shi a bakin tsohon ɗankwalinki, shuɗin nan. Akwai wani ɗalibi ɗan Zariya da ya gama karatu zai tafi a makon nan, na taka har masaukinsu na roƙe shi ya kai wa Nafisa hannu da hannu. Na gaya mata ta jira ruwan fari ta shuka a bayan ɗaki, can ruwa ba ya yaudarar mutum. Ban bar ko ƙwaya ɗaya ba.

Kowace shekara ina ce miki baɗi za mu koma, har kika daina tambaya. To ga shi gurguzunki zai koma. Mu biyu muna nan.

Gobe ranar sako ruwa ce a magudana, zan je in ba ful. Sun ce motar haƙa sai an cire shi, ni kuwa ba na gaggawar ya nuna.

Allah Ya jiƙanki, Ya sa in na zo a ajiye ni kusa. Ki huta lafiya.

Ni ne mijinki,
wanda kika kira Malam har kika koma