Iya Ta Ɗauka Makka Zan Tafi a Kan Keke

Malama Siddiƙa, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, domin saura kwana goma sha ɗaya mu tashi, ni kuwa na kasa zaune na kasa tsaye. Ko wannan takardar sau uku ina fara ta ina yagewa.

Ni malamin makaranta ne, mutumin Baure, shekarata hamsin da ɗaya. Shekara ashirin da huɗu ke nan ina koyar da labarin ƙasa a sakandare. Ki miƙo mini alli yanzu in rufe ido, zan zana miki gaɓar tekun Afirka ta Yamma tun daga Kalaba har Dakar ban kuskure lanƙwasa ɗaya ba. Amma wallahi ruwa mafi girma da na taɓa gani da idona shi ne dam ɗin Sabke. Duk shekara ina gaya wa ɗalibai ruwan teku gishiri ne, ina faɗa da ƙarfi kamar na taɓa ɗanɗanawa. Abin yana cin raina fiye da yadda kike zato.

Ban da koyarwa, abin da na iya a duniya shi ne keke. In tashi daga Baure in je Daura in dawo a yini ɗaya ba komai ba ne a wurina. Akwai abokina Dabo, tare muka yi kwalejin horon malamai, yanzu yana fataucin dabbobi a Legas. Shi ya haɗa ni da wasu mutum huɗu masu irin ciwona. Shirinmu shi ne in ɗora kekena a tirelar shanu zuwa Legas, mu fara daga Badagiri, mu bi bakin teku ta Kwatano da Lome da Ankara har Takoradi. Mako uku, cikin dogon hutu. Inda yamma ta same mu, mu kafa tanti mu yada zango. Shekara biyu ina wannan shiri. Tantin ma na gwanjo ne na sayo a Kano, a gona nake zuwa in koyi kafa shi don kada a gan ni, har awaki sun cinye mini igiya ɗaya.

To, ga inda na ɓata. Juma'ar da ta biyo bayan ƙaramar salla na je gaida mahaifiyata, Iya, don in nemi izini. Na tsara maganata tun daga gida. Na durƙusa na ce mata ina neman ta yardar mini, zan yi doguwar tafiya a kan keke tare da abokan tafiya har bakin teku. Iyakar abin da na samu na faɗa ke nan. Sai na ga ta saki carbinta ta fashe da kuka tana salati.

Na manta, Malama, ni da nake koyar da tekuna biyar, cewa a wurin Iya teku ɗaya ne tak a duniya. Mahaifinta, Malam Mainasara, ya tafi hajji a ƙafa tana 'yar shekara takwas, shi da jakinsa. Bai dawo ba. Labarinsa na ƙarshe wani mutumin garin Babban Mutum ne ya kawo bayan shekara shida, ya ce ya bar shi a bakin teku yana jiran jirgin ruwan da zai tsallaka da shi Jidda, ba shi da lafiya. Daga nan shiru har yau, shekara saba'in. Ga shi kuma lokacin da na zo da maganata saura wata biyu da 'yan kwanaki a hau Arfa. Me kike so ta ɗauka?

Ta jawo kaina ta ɗora hannu. Rabon da Iya ta dafa kaina tun ranar aurena. Ita da kullum ke ce mini sarkin yawo, ga ta tana cewa ashe duk wannan hawan keken Allah ne yake shirya ni in ƙarasa tafiyar kakana. Ta yi ta sa mini albarka, irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba. Na buɗe baki in gyara zancen, sai na ji kaina ina cewa amin.

Na ce gobe zan koma in warware. Goben ta zama jibi. Kafin Litinin unguwa ta ɗauka. Tsohuwa Lami maƙwabciyar Iya ta aiko mini da ƙuli-ƙuli na guzuri, da sallahun in ambaci sunanta a Arfa. Masu faci a tasha sun fara ce mini Alhaji. A masallaci dattawan da a da nake gaishe su suna amsawa sama-sama, yanzu su ke riƙe hannuna su ƙi saki. Kuma kada in ɓoye miki, abin ya yi mini daɗi, wannan ma wata kunyar ce.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne na shekaranjiya. Iya ta kira ni ɗaki, ta buɗe akwatinta ta ciro farin yadin da ta ajiye shekara da shekaru don likkafaninta. Ta ce in kai a raba shi biyu ya zama haramina, ita Allah zai suturta ta. Sannan ta roƙe ni abu ɗaya: in na isa bakin ruwan, kafin in tsallaka, in tsaya in kira sunan mahaifinta in yi masa addu'a, don tana ji a jikinta a nan yake kwance. Yadin yana cikin jakar da tantina yake, ko kallon jakar ba na iya yi.

Maiɗakina Zubaida ta san gaskiya tun farko. Ta ce ta gaji da amsar barkar mata tana sunkuyar da kai, ko in faɗa ko ita ta faɗa. Ban ga laifinta ba.

Za ki ce me ya hana ni magana. Na farko, Iya tana da hawan jini. Na biyu, kin san garuruwanmu. Tun da aka kafa shari'a mutane suka ƙara sa ido a kan inda magidanci ke sa ƙafa. In aka ji dattijo kamata, malamin makaranta, ya bar gonarsa da damina ya tafi bakin teku, ba wanda zai ce ilimi ya je nema, cewa za a yi kallon tsiraici ya kai shi. Balle a ji an fara da Makka an ƙare da Badagiri.

Tunanin da ke ta yawo a kaina shi ne in tafi abina in yi shiru. In tsaya a Badagiri in yi wa kakana addu'ar, tunda ruwan duniya duk a haɗe yake, ni nake koyar da haka. In na dawo in ce an rufe hanya ne na juyo. Wani lokacin kuma in ce gara in fasa gaba ɗaya, amma gwiwata ta hagu ta fara yi mini gargaɗi, ina tsoron in ban je bana ba shi ke nan, zan mutu ina zana teku da alli. Kullum sai na ɗaure kaya in kwance. Malama, yaya zan yi?

Mai Keke, daga Baure

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam Mai Keke. Da na fara karanta takardarka dariya nake yi, har da awakin da suka ci igiya. Da na iso kan farin yadi sai dariyar ta tsaya.

Bari in fara sauke maka kaya ɗaya. Son ganin teku ba laifi ba ne, kuma ba yarinta ba ce. Kakanninmu sun taka wannan hanya da ƙafa suna fataucin goro, shi ya sa a garuruwan da ka lissafa za ka tarar da zango da masallaci da mai amsa maka sallama da Hausa. Mutumin da ya shekara ashirin da huɗu yana bayanin halittar Allah ya cancanci ya je ya gan ta. Masu cewa kallon tsiraici, da kai da su duk akwai Mai gani.

Amma albarkar da ke hannunka ba ta wannan tafiyar ba ce. Iya ta sa wa mai zuwa Makka albarka, kai kuwa Takoradi za ka. Ran Juma'ar farko ban kama ka da ƙarya ba, ruɗewa ce, kowa aka dafa wa kai haka zai iya cewa amin. Daga ranar Asabar zuwa yau kam, Malam, sunan abin ya canja, kai ma ka sani.

Dabarar cewa an rufe hanya kuwa, ka cire ta daga ranka. Ƙarya ce mai 'ya'ya: za a tambaye ka ta wane gari ka bi, a ina aka tare ku, wa ka gani. Ga abokan tafiyarka biyar kowa da waya a aljihu, hotonka a gindin kwakwa zai riga ka isowa Baure. In Iya ta ji daga bakin wasu, a nan ne ya kamata ka ji tsoron hawan jininta.

Ga abin da nake ba ka shawara. Gobe da hantsi, bayan ta karya ta sha maganinta, ka je. Kada ka tafi da Zubaida, ba ita ta ƙulla ba. In kana da yaya mace ko wani babba da Iya ke sakewa da shi, ka gaya masa tukuna ya zauna kusa da ita. Ka riƙe yadin a hannu yadda ta ba ka, almakashi bai taɓa shi ba. Ka fara da neman gafara, ka faɗi inda za ka da sunansa, ka ce kunya da daɗin albarkarta ne suka rufe maka baki. Ka bar taswira a gida, ba aji za ka shiga ba. Za ta yi kuka, wataƙila ta yi kwanaki ba ta sake maka fuska ba. Ka jure, haƙƙinta ne. Kuma kada ka toshe ɓarakar da alkawarin hajjin baɗi in ba ka da tabbacin cikawa.

Maganar Malam Mainasara, addu'a ba ta buƙatar keke. Ku tara dangi wannan Juma'ar a nan Baure a yi masa, da sunansa, Iya tana zaune tana ji. Ina zaton abin da zuciyarta ta daɗe tana nema ke nan.

Sai hankalinta ya kwanta sannan ka sake neman izini, daga farko. In ta ce a'a, ka kwance kaya da zuciya ɗaya, ka gaya wa Dabo sai wata shekara. Na ji batun gwiwa, amma ko a mota ana zuwa Badagiri, uwa kuwa ba a samun ta a tasha. In ta yarda, ka ga likita ya duba gwiwar da jininka, ka kammala fasfo da katin rigakafi, ka tambayi malaminku hukuncin sallar ƙasaru, ka bar gonarka a hannun wanda ka amince da shi. Kada ku kafa tanti dab da ruwa, wannan kai za ka koya mini. Kullum ka kira Iya ta ji muryarka.

Sauran jama'a kuma ka bi su da ƙafarka, ka fara da tsohuwa Lami. Za su yi wata shida suna kiranka Alhajin Badagiri, ka riga su dariya. Zubaida ma ka ba ta haƙuri, ta ɗauki kunyar da ba tata ba.

Malam, baiwar Allah nan shekara saba'in tana jiran wani ya kawo mata labarin gaskiya daga bakin teku. Kada ɗan cikinta ya zama wanda zai kawo mata na ƙarya. Allah ya sanyaya mata zuciya, ya jiƙan Malam Mainasara a duk inda yake kwance, kai kuma ya nuna maka tekunka da albarkar da take taka.

Malama Siddiƙa