Goron da Na Shanya a Rana

Juma'a, 19 Disamba 1969
Yaya Baƙo ya iso Gazawa yau, a bayan babbar mota, cikin mutanen da aka koro daga Gana. Shekara ashirin da shida yana fataucin goro a Kumasi, ya dawo da ƙunshi ɗaya da makullin gidansa rataye a wuya. Na rungume shi har hulata ta faɗi. Shi ko hannu bai ɗaga ba. Wannan mutumin ne fa yake goya ni zuwa gona ina yaro.

Lahadi, 4 Janairu 1970
Ya ƙi kwance ƙunshin. A kai yake zama. In mota ta wuce bakin titi, sai ya miƙe ya rungume shi. Matata Balki ta ji daga matan da suka zo tare cewa kwana tara suka yi tsare a kan iyaka, kuma abokinsa a cinyarsa ya cika. Bai taɓa faɗa mini ba.

Litinin, 12 Janairu
Da na taso daga lakol, makarantar da nake koyarwa, na ji wasu suna ce masa "Ɗan Gana". Can an ce shi baƙo ne, nan ma haka. Na zage su tas, malami guda da ni.

Talata, 27 Janairu
Kawu Chindo ya yanke magana: in Babbar Salla ta zo bai warware ba, za a kai shi wurin mai maganin da ke sa wa mahaukata mari a ƙafa. Na ce Yaya ba mahaukaci ba ne, zuciyarsa ce ta karye. Kawu ya ce, "To ɗora ta mu gani." Tsoro nake ji ƙwarai.

Alhamis, 5 Fabrairu
Yaya ko loma uku bai yi ba. Mun hana shi ko ɗaukar buta, wai girmamawa. Anya ba mu muke ƙara masa ba?

Asabar, 7 Fabrairu
Na sayo goro wurin wani ɗan Cadawa, don baƙin Salla. Na gan shi da danshi, sai na baza shi a tabarma cikin rana, yadda muke yi wa gyaɗa. Kawai na ji muryar Yaya a bayana: "Kai Labo! Wa ya ce maka ana shanya goro? Kashe shi za ka yi?" Ya ture ni, ya kwashe, ya ware masu sankara, ya yayyafa ruwa, ya naɗe sauran cikin ganye. Yana yi yana kirana baƙauye. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na yau ba. Balki ta shige madafa tana share ido, wai hayaƙi.

Laraba, 11 Fabrairu
Na sake shanyawa. Da gangan. Allah ya yafe mini.

Litinin, 16 Fabrairu
Jajibiri. Kawu ya zo da amalanken shanu don ɗaukar Yaya, ya tarar yana koya wa Balki naɗin goro. Ya ci ɗaya, ya yi maganar ragon layya, ya juya da amalankensa. Bai ambaci mari ba.

Mota ta wuce ɗazu, Yaya ya zabura kamar kullum, amma ya koma ya zauna. Ba na cewa ya warke. Makullin yana wuyansa har yanzu. Sai dai na ga rigarsa ta cikin ƙunshi a kan igiyar shanya, kusa da tawa. Ban tambayi wanda ya wanke ba.