Baban Batiri

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya aiki? Ya kuma ƙafar nan da kika ce tana damunki? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Kin ce in riƙa rubuto miki tunda a waya ba na sakin baki. Gaskiyarki. Kin san gidan nan, in na yi atishawa a kicin Baba zai yi min sannu daga ɗakinsa, ina zan iya ba ki labarinsa yana ji?

Shanyewar ɓarin jikin nan da sauƙi sosai. Bakin da ya karkace ya kusa komawa daidai, hannun ma ya fara riƙe cokali. Kullum da safe yana zagaya baranda da sandarsa, yana yi wa ƙafar faɗa kamar ɗalibin tuƙin da ya manta inda birki yake. Sai dai har yau ya ƙi yarda kowa ya shigo dubiya. Abokansa na shagon aski sun zo, ya sa na ce musu yana barci. Ya ce mutumin da ya koya wa rabin layin nan tuƙi ba zai bari a gan shi yana dalalar da yawu ba. Burinsa ɗaya ne tak: ya sa farar rigarsa, ya taka da ƙafarsa har shagon aski, ya zauna cikinsu kamar bai taɓa kwanciya ba. Wannan burin ne ke tashinsa daga gado, don haka nake lallaɓa shi.

Sai ƙaninki Injiniya, wanda ya samo sabuwar haukarsa. Wai wani kamfani ne a intanet zai ƙera fawa-banki, wato batirin da ake yawo da shi a jaka, mai cajin laftof da waya da fitila gaba ɗaya. Abin dariyar, ba su ƙera ba tukuna. Hotonsa kawai suka nuna, suka ce jama'a su yi karo-karo, in kuɗi sun taru sai a ƙera a aiko wa kowa nasa. Na ce masa wannan ai sayen inuwa ne, ya ce ni ban waye ba, su ba masu saye ba ne, masu tallafawa ne. Ban ga laifinsa duka ba, don da idona na ga wuta ta ɗauke yana tsakiyar zanen gidan wani, ya dafe kai kamar zai yi kuka. Ya yi ta damuna har na saka ɗan abin da ya samu, don kunnena ya huta. Bai huta ba. Da safe batiri, da rana batiri, har Baba ya tambaye ni ko sunan yarinyar da yake nema ke nan.

Ki gaishe min da maigidan, ki shafa min kan yara.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, jikin ƙaramar kuma ya yi sauƙi. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, raina ne a ɓace tun jiya.

Kamfanin nan sun yi ta jan ƙafa. Yau su ce murfin bai yi musu kyau ba, gobe su ce jirgi ne ya makara. Da surutu ya yi musu yawa sai suka fito da dabara: kowa ya aiko bidiyon dalilin da ya sa yake buƙatar batirin, waɗanda labarinsu ya fi taɓa zuciya za su shiga sahun farko. Na ji Injiniya yana faɗa, ban kawo komai a raina ba.

Jiya ina bayan kanta a kantin magani, abokiyar aikina ta miƙo min wayarta tana hawaye, tana cewa me ya sa ban faɗa musu jikin Baba ya tashi ba. Yaya, Baba ne. Baba ne a makonsa na farko bayan an sallamo shi, baki a karkace, ina ba shi abinci yana zubowa a ƙirjinsa. Na tuna ranar. Injiniya ya tsaya a kanmu da waya ya ce likita ne ya ce a ɗauka don a ga yadda sauƙi ke tafiya. Ashe ya ajiye.

Wannan bai ishe shi ba. Kwanakin baya ya zo kantinmu ya ari injin shaƙar magani na masu asma, ya ce yaron abokinsa ne ba lafiya. Ni da hannuna na sa masa a leda. A bidiyon ga injin nan, har da tambarin kantinmu a gefensa, ga abin shaƙar an ɗaura a fuskar Baba yana barcin rana, baki buɗe. Ya ja labule don ɗakin ya yi duhu kamar an ɗauke wuta, ya ɗora wani kiɗa mai sa kuka, sannan muryarsa ta shigo tana rawa, wai mahaifinsa da na'ura yake numfashi, in wuta ta ɗauke sai su zuba wa sarautar Allah ido. Baban da ko tari ba ya yi!

Na shiga banɗakin kanti na rufe ƙofa. Ba ƙaryar ce ta fi damuna ba. Tunanin nake yi yadda ya lallaɓa, ya ɗaga kan mahaifinsa yana barci, ya zura masa roba ta bayan kunne, ya ja baya yana duba ko haske ya yi.

Da na dawo na same shi a falo, bakinsa har kunne, wai mun shiga sahun farko. Na faɗa masa duk abin da ya zo bakina, murya ƙasa-ƙasa don kada Baba ya ji. Ko a jikinsa. Ya ce kowa ma ƙarin gishiri ya yi, wani har kakarsa da ta rasu ya taso. Ya ce Baba ba ya shiga intanet, ina zai gani. Har da cewa ai ni ma da kuɗina a ciki. Wannan ta shige ni, don gaskiya ce, kuma tun lokacin nake jin hannuna kamar na taɓa ƙazanta.

Don Allah ki kira shi, ke yana jin nauyinki. Kada dai ki nuna wa Baba komai a murya.

Ki gaida mutanen gida.

Taki,
Auta

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya haƙuri da mu? Na gode da kiran da kika yi. Injiniya ya fito daga ɗaki ya sha mur, ya goge bidiyon daga shafinsa, ya zo ya nuna min kamar wanda ya yi abin kirki. Sai dai aikin gama ya gama, kamfanin sun riga sun ɗauka. Fuskar Baba ce yanzu a saman shafinsu, da manyan haruffa a ƙasa wai don irin wannan bawan Allah suke aiki ba dare ba rana. In ka buɗe waya za ka kalli wani abu, sai tallar ta faɗo maka. Jama'a sai tururuwa suke suna zuba kuɗi, suna rubuta addu'o'i da hotunan fuska mai hawaye.

Na rubuta musu. Na ce ƙarya ce, mutumin nan bai san an ɗauke shi ba, ba ya amfani da kowace na'ura, su sauke. Amsar ta zo da sauri, ta fara da kirana 'yar uwa a wannan babban iyali. Suka ce labarinmu ya ratsa zukatansu, amma duk wanda ya aiko bidiyo ya riga ya danna amincewa su yi amfani da shi yadda suka ga dama. Don nuna godiya kuma za su ƙara mana batiri na biyu kyauta, in zaɓi kala, baƙi ko ruwan toka. Na nuna wa Injiniya ina tsammanin kunya za ta kama shi. Ya karanta, sai ya ce baƙin ya fi ɓoye datti. Wallahi Yaya, na kalle shi na rasa ta ina muka haɗa uwa.

Batirin ya iso. Abin da ya fi ba ni haushi, yana aiki. Na so a ce ya kumbura, ko ya ƙi kamawa, in samu abin da zan jefa masa a fuska. Ina! Wuni guda laftof ɗinsa na kunne, yana zane yana fito. Ni ko wayata za ta mutu ba na jona ta a jikinsa. In na zo share falo da tsintsiya nake ture shi.

Yanzu aikina ya zama gadi. Masu kira suna ta kira, wasu ma da muryar ta'aziyya, na karɓe wayar Baba na ce masa ta lalace. Matar maƙwabcinmu ta zo da 'ya'yan itace tana share ido, na tare ta a bakin ƙofa. Na bi shagon aski na roƙi mai askin, ya ce kada in damu, bakinsu a rufe yake. Baba kuwa bai san wainar da ake toyawa ba. Ya ajiye sanda a cikin gida, ya sa na wanke farar rigar na goge, ya rataye ta inda zai riƙa ganinta. Ya ce ƙarshen mako zai fita. Na ce ya ɗan ƙara haƙuri, ya ce ni ba likitarsa ba ce, 'yar kantin magani ce. Na ƙyale shi, don ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na kwanakin nan ba.

Ki taya mu da addu'a. Ina gaida maigidan da kyau.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Na san kin yi ta kira ban ɗauka ba, ki yafe ni. Ga abin da ya faru.

Baba ya fita. Ya yi wanka da kansa, ya sa rigar, ya fesa turare, ya hana ni riƙe shi. Na bi shi daga nesa kamar mai zuwa sayen wani abu. Yaya, da kin ga tafiyar da kin yi kuka. A hankali yake, amma kansa a sama, yana ɗaga wa mutane hannu. Ya shiga shagon, abokansa suka miƙe, aka yi ta shewa. Mai askin ya cika alkawari, su ma haka. Na tsaya a gefen taga ina cewa mun tsallake.

Wani baƙon mutum ne da ke jiran layi ya ƙura masa ido, can sai ya tafa hannu ya ce ai wannan Baban Batiri ne. Ya matso yana tambayar ina na'urar, ya aka yi ya fito babu ita. Ya ce Allah ya yi wa ɗan Baba albarka, samun irinsa sai an tona, shi ma saboda bidiyon nan ya zuba kuɗinsa. Kafin wani ya tare shi ya dafa kafaɗar Baba ya ɗauki hoto. Baba ya tambaye shi wane bidiyo. Mutumin, da zuciya ɗaya, ya buɗe ya miƙa masa.

Ya kalla har ƙarshe. Shagon ya yi tsit, ba ka jin komai sai wannan kiɗan da muryar Injiniya. Da ya ƙare ya mayar wa mutumin wayarsa, har ya yi masa godiya. Ya miƙe ba a yi askin ba. A hanyar dawowa ƙafar ta riƙa ja, na matso zan kama shi, ya janye hannunsa.

Na yi zaton zai ɗaga gidan. Ɗakinsa kawai ya shige. Injiniya ya je ya durƙusa a bakin ƙofa yana ta bayani, wai don amfanin gidan ya yi, wai Baba ma zai mori fitilar. Har a wajen ban haƙurin ma, talla yake yi. Baba bai ko dubi inda yake ba. Ya daina zagayen baranda. Abinci sai na yi da gaske yake taɓawa.

Washegari ya kira ni, na yi murna na ɗauka magana za mu yi. Kafinta ya ce in kira masa, a sa masa sakata ta cikin ɗaki. Na ce Baba, likita ya ce kada a bar ka inda ba za a iya kai maka ɗauki ba, in ka faɗi fa? Ya ce gara ya faɗi shi kaɗai. Na yi magiya har na gaji, daga ƙarshe na kira kafintan, na tsaya ina kallo yana ɗaura ta.

Ki zo, Yaya, ko na kwana biyu ne. Wataƙila ke ya buɗe miki ba tambaya. Ni yanzu in na kawo masa magani sai na ƙwanƙwasa na jira. Ina jin jan ƙafarsa har ya iso bakin ƙofa, sannan ya tambaya ko ni kaɗai ce, ko akwai waya a hannuna. Sai na rantse masa yake zare sakatar.

Ki gaida yara. Allah ya kawo ki lafiya.

Ƙanwarki,
Auta