Hannayen da Ake Yabo a Zanen Mijina, Ni Na Zana Su

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, saura kwana goma sha biyu a yi taron karrama mijina, kaina ya kulle. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji shida na tsaya.

Wata bakwai ke nan da rasuwar maigidana. Mai zane ne, kuma abu ɗaya ya zana duk rayuwarsa: sojoji da yaƙe-yaƙen da. Ko kaza ba ya iya yankawa, amma Kyaftin 'yan layinmu suke ce masa, har su sara masa don tsokana, shi kuwa ya ƙame ya amsa. Yakan yi tafiyar kwana biyu don kawai ya tambayi tsohon soja maɓalli nawa ne a rigarsu. Yayata takan ce na auri wanda ya san takalmin matattu, bai san nasa ya huje ba. Shekara talatin da ɗaya ni ke dama masa fenti, ni ke wanke burushi da kananzir. Har yau rigarsa ta aiki tana rataye a bayan ƙofa, na kasa wanke ta.

A shekarunsa na ƙarshe hannunsa ya kama rawa, ko kofi ba ya riƙuwa. Lokacin yana kan babban zanensa, na sojoji bakwai suna tsallake kogi ɗauke da ɗan'uwansu da aka harba. Ya gama fuskoki da ruwa, hannaye suka rage. Sai ya miƙo mini burushi. Wata huɗu ina gwadawa a jikin kwali, yana bayana a kujera yana cewa wannan ayaba ce ba yatsa ba, mu yi ta dariya. Da ya gamsu, na zana su duka a kan zanen, yana faɗa ina bi. Ko sunansa sai da na riƙe masa tsintsiyar hannu ya rubuta.

Yanzu gidan tarihi na sojoji za su sa wa zaure guda sunansa, su ba shi lambar yabo, ni zan karɓa. Hafsan da ya zo ɗaukar zanen ya daɗe a tsaye, ya ce babu mai zana hannu kamar marigayi, kuma haka za a rubuta a allon da ke ƙarƙashinsa. Na shige ɗaki na yi kuka, ban san ko na daɗi ne ko na tsoro ba.

Babban ɗanmu kaɗai ya sani, ya ce in ja bakina. Marigayi bai ce in ɓoye ba, bai ce in faɗa ba. Ina tsoron in na yi magana a ce duk aikinsa ba nasa ba ne, a fasa karramawar da ya mutu bai gani ba. In na yi shiru kuma, yaya zan tsaya gaban ƙarya in karɓi lamba?

Taki,
Mai Wanke Burushi

Baiwar Allah, Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ki haƙuri. Rubutunki kuwa ba ya buƙatar neman afuwa.

Ɗanki yana da hujja. Bakin mutane ba shi da linzami, kuma ranar taro, gaban lasifika, ba wurin fasa irin wannan magana ba ne. Amma shiru ma ba zai bar ki ba. Allon nan zai daɗe a bango, kuma ke ce za ki riƙa karanta shi. Gidan tarihi wurin adana gaskiya ne. Mutumin da ya sha wahala a kan maɓalli ba zai so kuskure a ƙarƙashin zanensa ba.

Ki kwantar da hankalinki. Tun da can manyan masu zane suna aiki da mataimaka, kuma masu kula da irin waɗannan gidaje sun san haka. Tunanin nasa ne, tsarin nasa ne, idon da ya ƙi karɓar hannu sai ya yi daidai ma nasa ne. Aikin shekara talatin ake karramawa, ba yatsu ba.

Ga abin yi. Cikin makon nan, kafin a buga allon, ki zaunar da ɗanki ki gaya masa kin yanke shawara, ki ce ya raka ki. Ku ga shugaban gidan tarihin a ofishinsa, daga ku biyu sai shi. In kwalayen gwajin suna nan, ki tafi da su. Ki ba shi labarin kamar yadda kika ba ni, ki roƙi layi ɗaya tak: matarsa ce ta kammala hannayen bisa jagorancinsa. Ba zan rantse miki babu mai gunaguni ba, amma ina kyautata zaton darajar zanen ƙaruwa za ta yi.

Ranar taro ki zauna a sahun gaba, kada ki ɓuya bayan dangi. In aka kira sunansa ki miƙe da ƙarfinki, ba ki da abin kunya a zauren nan. Allah ya sa a yi taro lafiya, ya sanyaya miki zuciya.