Ƙudan Zuman Tsoho Staf

9 ga Satumba

Zuwa ga Babana abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya ƙafar? Ina fata kana jin maganar likita, ba ka koma hawan keke a ɓoye ba. Ni lafiyata lau, raina ne a ɓace, kuma kai da ka tsufa da makullan gidan yarin nan a ƙugu, kai kaɗai za ka gane.

Ka tuna Staf, fursunan nan mai zane-zane a fatar jiki har wuya, wanda haƙoran gabansa suka zube? Shi ya raya amyoyin zuman da ke bayan ɗakin wanki, a shirin koyar da sana'a. Mutumin da a zamaninka sai an taru ake fito da shi daga ɗaki, yanzu da safe hira za ka ji yana yi da ƙudan zuma.

Ranar Talata manya suka zo daga Brussels da 'yan jarida. Tun jajibere shugabanmu, Mista Verhulst, ya sa aka ɓoye katifun masu kwana a ƙasa, aka feshe baranda da turare. Sannan ya kira ni, ya nuna Staf ya ce, "Griet, wannan fuskar ba ta hoto ba ce. Rufe shi zuwa yamma." Farar rigar aikin Staf aka ba Thibault, wani lauya ɗan gayu da zamba ta kawo shi, bai taɓa leƙa amya ba.

Ni na murɗa makullin, Baba. Staf bai yi gardama ba. Da sunanka ya kira ni, cewa kawai ya yi, "'Yar Rik, ki gaya wa yaron kada ya tsaya wa ƙudan a ƙofar amya, ba sa so."

Ta taga na hango baƙin suna lasar zuma a kan burodi suna tafi. Har yau ban iya cin abinci a wurin aiki ba.

Ka gaida Inna Trees.

'Yarka,
Griet

21 ga Fabrairu

Babana,

Ina gaisuwa. Ya sanyin Ostend? Na ji daɗi da ka ajiye sanda.

Ka tambayi labarin Staf. Masu duba sakin talala sun saki Thibault, har suna yaba hotonsa na jarida. Staf kuwa suka ce ba su ga alamar ya sauya hali ba, don shugaba ya riga ya danƙa wa Thibault sunan aikin. Da aka gaya wa Staf, ya watsa wa Mista Verhulst miya a ƙirji. Kafin Kirsimeti aka mai da shi wani gidan yari can kudu.

Na yi ta roƙo a bar wani ya riƙa ba ƙudan ruwan sukari a lokacin sanyi, aka ce ƙofar lambun da amyoyin suke ba ta buɗuwa sai bazara. Jiya da rana na ari makulli na buɗe amyoyin. Duk sun mutu, sun cure wuri guda sun yi funfuna. Warin har yanzu yana hancina.

Ka san me ya fi ɓata min rai? Shugaba ya sayo zuma a kanti, fursunoni na ɗurawa a kwalabe masu tambarinmu, za a kai wa manya tsaraba. Wim, abokin aikina, har da dariya: "Haba Griet, saki fuska mana. Ƙudanmu ƙarin girma suka samu, sun koma aiki a kanti." Kowa ya ƙyalƙyale. Na dubi mutanen da nake shan kofi da su kullum, na tashi na fita.

An ba ni izinin ziyartar Staf ranar Asabar. Don Allah ka shirya, zan biyo in ɗauke ka. Na san abin da zai fara tambaya kafin ma mu zauna. Kai ka fi ni sanin yadda ake yi masa magana, Baba. Kai za ka gaya masa, ni ba zan iya ba.

Ka huta lafiya.

Taka har kullum,
Griet