Mama Ba Ta Amsa Sallama

Yaya Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kai da Anti da yara.

Gidan nan da ka gina wa Baba a intanet, mai kama da tsohon gidanmu, ya samu matsala. Ka san tun da aka rushe gidanmu aka shimfiɗa titi a wurin, kullum da safe nake tura shi a keken marasa lafiya zuwa gaban kwamfuta. Zai bi baranda da linzamin kwamfuta har ƙofar kicin, ya yi sallama, muryar marigayiya Mama ta ce, "Shigo mana, ka tsaya kamar baƙo." Sai ya yi dariya ya sha maganinsa. Shekara shida ke nan, kuma yanzu da mantuwa ta ci ƙarfinsa, wannan muryar kaɗai yake ganewa.

Ranar Talata burauza, manhajar da ke buɗe gidan, ta ishe ni da saƙon sabuntawa, na danna. Na san ka liƙa takarda ka ce kada a taɓa, amma ta daɗe da faɗawa bayan tebur. Gidan yana buɗewa, har tsagewar bangon ɗakinka tana nan, sai dai Mama ba ta amsawa. Baba ya yi sallama sau tara, ya ture kofin magani.

Ka gyara, don Allah.

Ƙanwarki, kai, ƙanwarka, ka ga ko rubutu na kasa,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Ki gaida Baba da jiki.

Bari in yi miki bayani. Tsarin da kowa ke gina irin waɗannan gidaje da shi ya san bango da ƙofa da haske, amma bai san sallama ba. Saboda haka na rubuta wani ƙari nawa na kaina na dasa a cikin burauza, shi ke sauraron Baba ya sako muryar. Sabuwar burauza ta daina karɓar irin wannan ƙari, kuma idan ta tarar da shi tana share shi. Ina dubawa. Kada ki sake taɓa komai.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa. "Kada ki taɓa komai" kuma? Me ya rage da zan taɓa? Ni nake ɗaga shi, ni nake wanke shi, kai kana can kana min darasi. Kwana takwas rabonsa da maganin hawan jini, likita ya zo ya yi lallashi har ya gaji.

Ni ba ruwana da ƙarinka. Ka turo min muryar a waya, in laɓe bayan labule in kunna masa idan ya yi sallama. Ko ka aiko da kaset ɗin da ka ɗauko ta daga ciki. Wannan ai ba ya buƙatar injiniya.

Auta

*

Ƙanwata,

Sallama da fatan alheri. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagawa.

Babu murya, Auta. Lokacin da na yi aikin, na yanka maganganun Mama na cusa su cikin ƙarin, a wani tsari da ni kaɗai na ƙirƙira, don su fito nan take ba jira. Ina ji da kaina a lokacin, gani nake na fi masu tsarin wayo. Abokin aikina ya ce in ajiye kwafi a fayil na sauti irin na kowa, na ce masa ɓata wuri ne. Kwamfutar da na yi aikin a kanta ta ƙone shekara huɗu da suka wuce. Kaset ɗin kuwa na zubar da shi da muka tashi daga tsohon gida, don a ganina ya gama amfani.

Na sa an cire faifan kwamfutar Baba da kika aiko, mun kwana biyar muna tono. Mun samo rabin daƙiƙa, numfashinta ne kawai kafin ta yi magana.

Ba ke kika kashe muryar ba, ni ne. Kunya ta hana ni kiran waya. Ki yafe min.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama. Na yafe, ba don raina ya huce ba.

An mayar da faifan, kwamfutar ta dawo. Yau Baba ya yi sallama a ƙofar kicin, ya saurara, ya juyo ya ce min, "Ta fita unguwa. Ki bar ni a nan, idan ta dawo sai in sha maganin."

Yana nan zaune. In za ka zo, ka zo cikin makon nan.

Auta