Hutun da Likita Ya Ɗora wa Illa

Kawu Mahamadu,

Gaisuwa mai yawa daga Tawa. Ina gajiya, ina zaman Abijan? Yaya Inna Hajo da yara? Mu nan lahiya lau.

Zancen ƙanena Illa ne. Tun da ya sa kokowar bana a ransa, sau ukku yake atisaye a yini, amma ƙarfi sai raguwa yake. Barci ya ƙi, abinci ya ƙi, abu kaɗan sai hushi. A Barmu wani da bai kai shi ba ya kada shi. Baba ya ce jifa ne.

Na ja shi asibiti, anka ɗebi jininsa. Likita ya ce masa, "Ba jifa ba ne. Sinadarin da wahala ke tayarwa ya hau, mai gina tsoka ya sauka. Hutu jikinka yake roƙo."

Illa ya ce, "Kawu da yana kokowa bai taɓa hutawa ba."

Da ƙyar ya yarda. Sati ukku ke nan da ya aje atisaye, jiya kuwa ya share kwano biyu na tuwo, har yana tsokanata.

Ka sa shi cikin addu'a, ka gaida mutanen gida. In ka kira shi, don Allah ka gaya masa kai ma ka taɓa gajiya. Maganarka kaɗai yake ji.

Ɗiyarka,
Rakiya